Kwamfutar da Na Sa Aka Wanke

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon gwiwar nan? Mu nan lafiya lau, sai dai na yi ɓarna, kuma gara ka ji daga hannuna.

Ka tuna tsohuwar kwamfutar da ka bar wa Auta. Wata takwas ke nan, kullum da ta dawo daga aiki a shagon magani sai ta zauna gabanta. Allon baƙi ƙirin. Ta danna, ya kawo ɗan rubutu, ya mutu, ya sake tashi da kansa. Ni na ɗauka lalacewa ta yi, yarinyar tana jin nauyin gaya maka. Ranar Talata na naɗe ta a zani na kai wa mai gyara. Ya ce sai an wanke ta, na ce a wanke. Na dawo da ita tas, allo shuɗi har da hoton duwatsu, ina ta murna a hanya.

Da Auta ta kunna sai ta tsaya cak. Ta tambaye ni ko an kwafe abin da ke ciki. Ban ma san ana yi ba.

Ashe kowace kwamfuta akwai abin da ke tashinta, ya saurari maɓallai, ya sa haruffa a allo. Kamfanoni ke yin sa. Ita kuwa nata take koyon ginawa tun daga tushe, don sha'awa kawai. Mutuwar da nake gani, gwaji ne. A makon nan ya fara rubuta abin da ta danna ba tare da ya mutu ba. Shi na sa aka goge, kuma ba ta da shi a ko'ina.

Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta rufe kwamfutar ta ɗora a saman kabad.

Ka gaida abokan aiki.
Matarka

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwar ta yi sauƙi, na ga amsarka. Ka ce wasa ne, za ta manta. Ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ina da shekara arba'in na fara riƙe fensir, na yi wata shida kafin sunana ya miƙe a layi, kana tsokanata wai kaji sun bi ta kan takardar. Da wani ya ƙona mini littafin a lokacin, wallahi da ban koma ba.

Yanzu in ta dawo gaisuwa ce kawai, cikin ladabi, sai ta shige ɗaki. Ladabin nan ya fi faɗa ciwo. Tsorona kada ta bar abin nan har abada saboda ni.

Ka san tun da na iya karatu ba na iya share takarda mai rubutu. Duk zane-zanen da take yi a bayan kwalin magani ta yar, ina tsincewa in zuba a tsohon akwatinka. Ba na gane ko layi ɗaya. Na bi su da dutsen guga na jera mata a gado. Yau kwana huɗu, ta dai matsar da su gefe.

Ka sa mu a addu'a.
Matarka

Zuwa ga Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ranar Asabar da safe Auta ta sauko da kwamfutar. Ta ce takardun da na jera mata ko kashi ɗaya cikin uku na aikin da aka goge ba su kai ba, rabinsu kurakuran da ta zubar ne, ɗaya ma jerin cefanena ne. A nan ta ɗan yi dariya. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma na kasa tambaya.

Allon ya koma baƙi. Tun safe yake mutuwa yana tashi, ko harafi ɗaya bai kawo ba tukuna. In za ka zo ka taho mata da filashi, abin da ake kwafe aiki a ciki.

Ta manna takarda a jikin kwamfutar da manyan haruffa: MAMA, LAFIYARTA ƘALAU. Ni na karanta da kaina.

Sai ka zo.
Matarka