Matuƙi Ba Ya Dira

Zuwa ga Yaya Haidar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti Shakira da yara, Allah ya ƙara rufa asiri a can Marseille. Mu nan Djougou alhamdulillahi. Gwaggo Iyatu na fama da gwiwarta. Baba kuwa yana nan yadda ka bar shi, ɓarin jikinsa na dama bai motsa ba, sai dai bakinsa ya ɗan saki, ana tsintar maganarsa.

Na rubuto ne domin a waya dariya kake mayar da komai. Ka san wasan sojan nan da ka aiko mini da kwamfutarsa, wanda muke haɗuwa a ciki duk Lahadi bayan la'asar, ni da kai da ɗan'uwanmu Imran daga Cotonou. Ka ce don in rage kaɗaici, na gode. Ku kuka naɗa ni matuƙiyar helikwafta, wai hannuna ba ya rawa. Kai ka koya mini cewa jirgin ba shi da kujerar da ke cilla mutum sama, farfela za ta yanka shi. In an harbi jirgin, sai matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa, ya riƙe shi daidai, na baya su dira. Kullum kai ne farkon dira, Imran na biye da kai, ni kuma in ƙone a ciki kuna yi mini tafi.

Lahadin da ta wuce a ɗakin Baba na kunna, don kada ya kira ban ji ba. Ashe kallo yake. Da wuta ta kama jirgin kuka fice, sai na ji yana ta ƙoƙarin magana, wai me ya sa ban fita ba. Na ce masa in na saki, jirgin zai kife da kowa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko takardar makarantar ungozoma ta Parakou ta zo. Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce ta zo, sun ɗauke ni, bayan babbar Sallah za su rufe rajista, kuma baɗi shekaruna sun wuce na ɗauka. Sai ya juya fuskarsa bango.

Yaya, tun ranar Baba ba ya cin abinci. Kunu in na kai bakinsa sai ya datse haƙora. Ya gaya wa Gwaggo shi ne nauyin da ya hana Zinatu fita, gara ya sauƙaƙa mata. Tsoro nake ji. Makarantar nake so har raina, ba zan ɓoye ba, amma ba ta wannan ƙofar ba. In na tafi wa zai juya shi, in na zauna yunwa za ta kashe shi a gabana.

Kada ka turo kuɗi ta waya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku shirya kai da Imran, ɗayanku ya zo ya karɓe ni. Ka kira Baba ka faɗa masa ranar zuwa da bakinka, wataƙila ya buɗe nasa.

Ka gaida Anti Shakira, da Adnan da ƙaramar Latifa. Gwaggo na gaishe ku. Lahadi kada ku jira ni, ku nemi wani matuƙin.

Ƙanwarka,
Zinatu