An ba mai mota akwati marar nauyi, an bar ni da dakon ƙarfe

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu wasan ordinatar, wato kwamfuta, da ke haɗuwa a Gaweye, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran ƴan biro, wato shugabannin ƙungiya. Ranka ya daɗe, na so mu yi maganar nan mu biyu. Sau biyu na same ka, sau biyu ka ce in bari sai an tashi, da aka tashi kuma ka shige mota. Shi ya sa na rubuta a fili, inda kowane ɗan ƙungiya zai karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi, mutumin Tawa, ina koyar da lissafi a wata lakwal, ina zaune a unguwar Banifandu. Ina cikin mutum shida da suka fara wannan haɗuwa tun muna yin ta a garejinka, kowa ya ɗauko ordinatarsa ranar Asabar, mu haɗa su da waya, mu kara da juna har la'asar. Maganata a kan akwatunan nan uku ce da wani tsohon ɗan ƙungiya ya aiko mana kyauta daga waje: ƙananan akwatunan da ake zuba kayan cikin ordinatar, marasa nauyi, masu mariƙi a sama, waɗanda aka yi musamman don a riƙa ɗauka zuwa wurin wasa.

Na farko. Ka san akwatina. Tsohon ƙarfe ne na ofis da na saya hannu na biyu. Na taɓa ɗora shi a sikelin wani mai sayar da ƙusa a kasuwar Katako, kilo goma sha huɗu ya yi, ban da allo da wayoyi. A can Katako ɗin wani kafinta ya yi mini gado na katako a bayan babur, nake ɗaure shi da roba. Haka nake ratso gari kowace Asabar, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya yana komawa baya yana taɓawa ko yana nan. Idan na iso, in rungume shi a ƙirji in hau matakala. Ƴan ƙungiya suka sa masa suna "firjin Mushe", don Mushe ake kiran malamin lakwal irina. Na yi dariya tare da su shekara da shekaru, kai ma ka yi.

Na biyu. A daminar da ta wuce na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, kafin a kai Gaweye. Robar ta tsinke, akwatin ya daki ƙasa, katin hoto na ciki, wanda in babu shi ba a wasa, ya tsage daga mazauninsa. Wata biyu ina zuwa ina kallon wasu suna wasa kafin in iya sayen wani. Ban fasa zuwa ko sau ɗaya ba. A lokacin kai da bakinka ka ce mini idan akwatunan sun iso, ni ne na farko da za a duba. Ban roƙe ka ba, kai ka faɗa.

Na uku. Akwatuna sun iso. Ɗaya ka riƙe, ban ce komai ba, kai ne shugaba. Ɗaya aka ba Madam Zuwera da ke zuwa daga ƙetaren kogi a taksi, wannan daidai ne, ko ni aka tambaya ita zan nuna. Na ukun aka ba Laminu. Laminu da ya shigo bara. Laminu da ni na zaunar da shi na koya masa yadda ake haɗa ordinatar da ta ɗan'uwa, na ara masa waya har yau tana hannunsa. Laminu yana da mota, ranka ya daɗe. Gidansu yana nan Gaweye, da zai tako a ƙasa da ya riga ni isowa. Da na tambayi ma'aji dalili, sai ya ce wai Laminu ne ke cin wasa yanzu, shi za a riƙa nunawa idan an je karawa da wasu ƙungiyoyi, ya kamata kayansa su yi kyan gani. Ban san kyauta ce ta gwaninta ba. Na ɗauka an yi akwatin ne don mai ɗaukar kaya.

Na huɗu, kuma shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Ina kishi, ba zan ɓoye ba. Asabar ɗin da ta wuce Laminu ya ce in riƙe masa akwatin yana neman makullin mota. Na karɓa da hannu biyu kamar yadda na saba, sai hannuwana suka yi sama, don babu nauyin da na shirya wa. Da yatsa biyu na riƙe shi. Fari ne, gefensa gilashi, ana hango fanka da ƴan fitilu a ciki. Da ya miƙo hannu ya karɓa, sai da na ɗan jinkirta kafin in saki, kuma ya lura. A ciki aka zaunar da ni kusa da shi. Wasa uku aka ci mu a jere, ƴan ɓangarena suna ta kiran sunana, ni kuwa idona ba ya kan allo. Na koma gida, matata ta tambaye ni yaya wasa, na yi mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shekarata talatin da shida, ina tsayawa gaban aji ina yi wa yara faɗa a kan hassada. Laminu bai yi mini komai ba, yaron kirki ne, har ruwa yake kawo mini. Amma yanzu idan ya ci wasa ba na iya tafa masa, kuma ba haka nake ba kafin wannan rabo.

Saboda haka ga roƙona. A tara ƴan ƙungiya a faɗa mana a fili da wane ma'auni aka raba akwatunan. Idan kayan ƙungiya ne, a riƙa ba da su aro bi da bi, a fara da masu nisa da masu babur, ko da ba ni ne na farko ba. Ba na so a karɓe na Laminu a miƙo mini saboda wannan wasiƙa. In an yi haka ba zan karɓa ba, don ba zan iya haɗa ido da shi ba. Idan kuma biro ya ga babu abin da za a sauya, to a yi mini alfarma ɗaya: a mayar da teburina can kusa da ƙofa, inda zan ba shi baya. Ranar Asabar zan zo, kuma ina so in yi wasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jagorancinmu, ya ba ka ikon yin adalci, ya raba mu da ƙyashin juna, ni ne na fi kowa buƙatar wannan addu'a.

Wassalam.

Sanusi, Banifandu