Taken Marigayi Hussaini

Gozaki, Litinin

Zuwa ga Yaya Awaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka na situdiyo a Malumfashi. Mu nan lafiya lau, masara ta fara bunni.

Ka san ba na iya magana a waya, bakina sarƙewa yake yi, shi ya sa na rubuto. Lawal direba zai ba ka wayar da ka aiko. Na ɗauki kiɗan Baba kamar yadda ka ce. Da farko ya ƙi, wai ba zai ba fiyanonka abinci ba, akwatin da bai taɓa yin gumi a gona ba. Na faɗa masa abin da ka faɗa mini, cewa ajiyewa kawai za ka yi don jikoki su ji gangar noma. Sai ya yi dariya ya ɗauko ta, ya kaɗa taken kowane manomi ɗaya bayan ɗaya.

Har da na amininsa, marigayi Hussaini. Ka san in mutum ya rasu Baba ba ya ƙara kaɗa takensa. Na yi ta roƙo, na ce ka yi alkawari ba wanda zai ji. Ya rufe ƙofa ya kaɗa a hankali, sau ɗaya. Don Allah ka riƙe shi da kyau.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Shafa'atu

Gozaki, Asabar

Yaya Awaisu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ni dai ban ji daɗi ba.

Jiya aka ɗaura auren Mahadi maƙwabcinmu, aka kawo lasifika. Ina wanke-wanke sai na ji sabuwar waƙarka. Na gane hannun Baba nan take. Taken Hussaini ne, an ƙara masa sauri, an zuba masa ƙarar fiyano, 'yan mata suna ta rawa a kai. Inna Nana, matar marigayin, tana cikin masu tuƙa tuwo. Ta ajiye muciya ta ɗauki mayafinta ta fita, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Baba yana zaure, ya ji komai. Da na shigo gida ya dube ni, ya kawar da kai. Da ma faɗa ya yi.

Lawal ya ce yanka kiɗan ka yi gunduwa-gunduwa ka zuba a cikin fiyano, kowane maɓalli da bugunsa, in ka danna da yatsa sai hannun Baba ya fito. Ban san ana iya haka ba. Kai ka sani, kuma ni ka aika. Ka cire waƙar nan, Yaya.

Ƙanwarka,
Shafa'atu

Gozaki, Alhamis

Yaya Awaisu,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce sauti ba shi da mai shi, waƙa kuma ta riga ta shiga wayoyi har Funtua, ba ta ciruwa. Atamfar da ka haɗo na mayar wa Lawal.

Baba ya je wajen Inna Nana, ya ce in raka shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ga furfurarsa, ya ce hannunsa ne ya kaɗa, laifin nasa ne. Bai ambaci sunana ba, bai ambaci naka ba. Ta ce ta yafe, amma yanzu ko kasuwar Kafur ba ta zuwa, don masu cajin waya waƙar suke sakawa. A hanya ya ce da ni, "Na san ba ki yi mini ƙarya ba, Shafa." Na yi kuka har gida.

Shekaranjiya aka yi gayya a gonar Alhaji Bature, na kai fura. Baba ya kaɗa wa kowa takensa kamar kullum, har samarin da suka tafi birni, don ba ya barin mai rai a baya. Ya kaɗa na Mahadi. Naka ne ke bin nasa tun kuna yara. Ya ɗaga hannu, ya tsaya, ya tsallake naka ya wuce zuwa na gaba. Manoma suka sunkuyar da kai suka ci gaba da huɗa.

Ban tambaye shi dalili ba. In kana son sani, Gozaki ba nisa, ka zo da ƙafarka. Ni kada ka sake aike na.

Wassalam.
Shafa'atu