Bulon da Aka Jiƙa

Zuwa ga ɗana Hamidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya.

Maginin da ka turo ya kawo bulon ɗakin ƙanwata Mairo, wadda ta gudo daga Mubi. Duk a jiƙe suke, sun yi duhu kamar sun ƙoshi da siminti. Ya ce, "Goggo, ban-ruwa ne." Da suka bushe na karce ɗaya da makulli, sai yashi ya zubo. Na sallame shi. Wadda ta tsira daga bindiga, bango ba zai kashe ta a gidana ba.

Yanzu a gabana ake buga bulon. Kada ka turo wani, addu'a kawai nake buƙata. Amma a ina ka san shi?

Ka gaida yara.

Goggonka Dija, daga unguwar Bekaji.