Rijiyar Baba a Ƙarƙashin Farin Layi

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar? Tela maƙwabcina ke rubuta min wannan, kuma ka san cikinsa da zurfi.

Gwamnati za ta yi hanyar keke da ta masu tafiya a ƙasa, daga kasuwa zuwa makaranta. Abin kirki ne, motoci sun ci yaranmu da yawa. Sai dai jiya na ga inda suka ja farin layi. Ya bi ta bayan tsohon asibiti, daidai kan rijiyar da Baba ya haƙa.

Ka tuna shekara arba'in da suka wuce, da hukuma ta ce mu cike ta. Muka kasa, don mahaƙi ba ya binne ruwa mai rai. Muka jera itace a bakinta, muka bi da ƙasa, na dangwala yatsa a takarda cewa an cike. Ka sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Itacen nan yanzu gara ta gama da shi. Gaba goma sha biyu ne zurfinta, kuma yara ɗari za su riƙa bi ta kai kullum.

Ka warware min rantsuwar nan. Ina jiran amsarka.

Yayanka,
Mai Rijiya

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwana tara, shiru.

Na je ofishin masu tsarin hanyar, na ce su kauce da hanyar taku biyar. Injiniyarsu ta ba ni kujera, mace mai ladabi, ta tambayi dalili. Na ce wurin ba shi da kyau. Ta ɗauko tsohon fayil ta nuna min an cike rijiyar, ga shaidar mahaƙi. Yatsana ne, ɗan'uwa. Da shi aka rufe min baki.

Tun ranar nake shimfiɗa tabarma a kan layin. Unguwa ta ce tsufa ya taɓa min kai. Ɗiyata ta zo da kuka, wai ina tare wa jikokina hanya. Ranar Litinin motar daddanne ƙasa za ta iso, ita da direbanta.

In ka yi shiru, ka zaɓar mana.

Yayanka

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ko ba ka so.

Na karya rantsuwar, zan yi kaffara. Motar na isowa na tashi, na faɗi komai a gaban injiniya da mai unguwa da duk wanda ya fito kallo. Suka yi dariya. Na ɗauki doguwar sandar ƙarfe na kafa a tsakiyar layin, na danna sau biyu. Ta suɓuce daga hannuna ta shige. Muka tsaya har muka ji ta faɗa ruwa. Direban ya sauko ya zauna a ƙasa.

An kira ni gobe in yi bayanin takardar. Mutanen da suke tashi tsaye in na wuce, yau kallona kawai suke. An tambaye ni wa ya taya ni rufe rijiyar, na ce ni kaɗai ne. Ka kwantar da hankalinka.

Jibi za su cike rijiyar da tsakuwa, hanyar ta wuce yadda aka tsara. Injiniyar ta ce ba sai na zo ba, don ta ga fuskata. Zan je. Ba baƙo ne zai fara zuba wa rijiyar Baba ƙasa ba.

Ka gai da yara.

Yayanka,
Mai Rijiya