Caɓi a Tafkin Suolo

Kautokeino, 9 ga Fabrairu, 1984

Zuwa ga mijina Ovlla,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya jikin naka? Yaya Tromso da abincin asibiti? Ka daure ka ci ko da babu gishiri. Mu nan lafiya ƙalau muke. Inna, mahaifiyarka, tana gaishe ka, ta ce in gaya maka kullum ta shiga coci da sunanka take farawa.

Wannan ce wasiƙata ta uku, ba ka amsa ko ɗaya ba. Ban yi fushi ba. Ma'aikaciyar da na samu a waya ta ce yini kake kana kallon bango. To ka kalla, in ka gaji ka juyo ka karanta.

Ranar Lahadi yayanka Heaika ya zo gida. Sai da ya sha kofi uku kafin ya fito da abin da ya kawo shi, wai a haɗa bareyinmu da nasa ya riƙa kiwo, ni kuma in zauna gida in yi ɗinki. Ka san yadda irin wannan taimako yake ƙarewa, shekara biyu ba za ka sake ganin alamarmu a kunnen ɗan barewa ba. Na gode masa, na ce a bayan garke aka haife ni, kuma tun kafin ya yi gemu nake jefa igiya. Ya ce babur ɗin ƙanƙara ba igiya ba ne. Na ce masa gobe da safe ya zo ya gani.

Ya zo kuwa ya gani. Ja biyu na yi babur ɗinka ya tashi. Jibi zan hau tudu wurin garke.

Na san abin da zai fara zuwa ranka, don haka ka kwantar da hankalinka. Inna ta daka mini ciyawar da muke cusawa a takalmi don ɗumin ƙafa har ta yi laushi kamar gashin jariri, ta kitsa mini dami shida. Takalmin fata biyu zan ɗauka, ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙirji cikin riga.

Ka gaida wanda yake gadon kusa da kai.

Matarka,
Risten

*

Bukkar kiwo, 24 ga Fabrairu

Ovlla nawa,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙarfin jiki? An cire zaren ɗinkin? Ni lafiyata lau, sai dai kumatu da iska ta dafa.

Takardarka ta iso tare da man babur. Layi uku kacal, amma na karanta ta fi sau goma. Ka ce ka gama yawo, in bar wa Heaika garken. Ba zan bari ba. Likita ya gaya mini abin da suka cire, yatsu huɗu da gaban tafin ƙafar hagu. Na ji, na yi kukana a ɗakin ajiyar nama inda Inna ba za ta gani ba, na share hawayena. Ba su taɓa idonka ba, idon da yake gane barewarmu daga tudu zuwa tudu. Ba su taɓa kanka ba, duk da taurinsa.

Ga labarin kiwo. Ruwan da aka yi a Janairu ya daskare a ƙasa, ya rufe gansakukar da bareyi suke ci. Dabbobin suna tono har su gaji ba sa samun abin kirki, masu ciki sun fara ramewa. Dole mu kai su gabas, hayin tafkin Suolo. Dusar ƙanƙarar bana kuwa ba a magana. Jiya na sauka daga babur na nutse har ƙugu, sai da na kama abin tuƙi na jawo kaina.

Ƙafata a bushe take, tunda na san za ka tambaya. Na lura zafin injin yana narkar da abin da ya taru a matakin babur, shi ne yake jiƙa takalmi ba mutum ya sani ba, don haka duk tsayawa sai na kakkaɓe. Ina naɗe bakin takalmin da ɗamara sosai, amma ba na matse yatsu. Tsakar rana ina sauya ciyawa ko ban ji damshi ba, wadda na cire in rataye ta saman murhu.

Heaika kuwa ya sayo wani takalmin roba daga Alta, mai tsawo har gwiwa, yana tafiya da shi kamar mai shirin taka rawa. Kullum ya gan ni ina cusa ciyawa sai ya tambaya ko abincin akuya nake ɓoyewa. Na ce masa idan ya cire nasa da yamma ya riƙa fita waje, saboda karenmu ma gudu yake. Gumi ne fal a ciki, amma ba ya jin magana.

Ranar Talata za mu ƙetare. Na riga na auna hanya, kuma na san za mu kai.

Taka,
Risten

*

Kautokeino, 3 ga Maris

Mijina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina sanar da kai garke ya ƙetare. Ko ɗaya ba mu rasa ba. Suna can gabas suna tono, ƙasa a buɗe, ƙanina Aslak yana tare da su. Amma akwai abin da ya faru, kuma gara ka ji daga bakina.

Ranar Talata da hantsi muka kora su ta gefen arewa inda iska ta daddale ƙanƙara. Na ce wa Heaika kada kowa ya bi ta mashigar rafi, domin da na soka sanda ranar Litinin ta fito a jiƙe. Nauyin dusar ya danne ƙanƙarar tafkin, ruwa ya hau samanta ya ɓuya, daga sama kuwa fari tas. Muna tsakiyar tafiya wasu bareyi kamar ashirin suka ɓalle kudu. Heaika ya ga hanyar kusa, ya yanke ta mashigar. Da ya ji babur yana nauyi, maimakon ya ƙara wuta sai ya saki. Nan take ya zauna cikin caɓi.

Ina hango shi ya diro yana ƙoƙarin ɗaga bayan babur. Ruwan ya haura bakin takalman ya cika su. Na bar wa Aslak garke, na zagayo ta kan sawun da na bi ranar Litinin, na jefa masa igiya. Kafin in jawo shi kan tudu wandonsa ya sandare kamar katako.

Sai ya ce in kai shi bukka kawai, tafiyar sa'a ɗaya ce, ƙafar ma ta daina ciwo. Jin haka na san sanyi ya fara kashe ta. Na kashe babur, na zare makulli na sa a aljihu. Ya yi faɗa, ya ce ni ba uwarsa ba ce. Na ce: "Zauna, Heaika. Gidan nan ƙafa ɗaya ta ishe shi sadaka."

Ya zauna. Takalmin ya ƙi fita, na sa wuƙa na farke shi tun daga gwiwa. Yatsun sun yi fari fat. Ya miƙa hannu zai goga musu ƙanƙara, na buge hannun. Na shimfiɗa fata a amalanken da babur yake ja, na tsane ƙafafun da mayafina, na ɗaga rigata na ɗora su a cikina. Ka yi tunanin yayanka, mai faɗa a ji a taron makiyaya, kwance yana kallon sama, ƙafafunsa cikin rigar matar ƙaninsa. Sanyin ya ratsa ni har baya. Mun fi rabin sa'a a haka kafin ya fara cije baki yana nishi, na san jini ya dawo. Na hura wuta da ɓawon itace don wandonsa, na cusa sabuwar ciyawa a takalmin da yake ƙirjina, na sa masa. Ya matse shi, amma ya shiga.

Muna shan kofi sai ya fara magana, idonsa a kan wuta. Ya ce ranar da ka faɗa ruwa ka roƙe shi ku tsaya ku hura wuta, shi ne ya ce hadari na zuwa, ka daure ku isa gida. Ya ce tun ranar bai iya haɗa ido da Inna ba, kuma garken da ya nema ba kwaɗayi ba ne, ya rasa abin da zai yi maka ne. Kai kuma ka ce mana kai ne ka ƙi tsayawa. Wata biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai, Ovlla.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai gama hucewa ba. Amma na ƙara masa kofi. Likitan gari ya duba shi, ya ce fata za ta saluɓe, yatsun kuwa suna nan goma cif. Ranar Asabar mai zuwa zai hau mota ya zo wurinka. Kada ka juya masa baya. Ka zage shi idan kana so, ya fi shiru.

Yanzu ga aikinka. Na zaɓi fatar ƙafar barewa mafi kyau da muke da ita, fara mai ratsin toka. Inna ta ce ba ta taɓa ɗinka takalmi irin wannan ba, ni ma haka, amma mun zauna mun tsara yadda za mu cike gaban da ciyawa da ulu don ya riƙe ka a matakin babur. Abin da ya rage awo ne, kuma ba zan yi shi da ka ba. Na bar bayan wannan takarda fari. Ka ajiye ta a ƙasa, ka taka da ƙafar hagu yadda take yanzu, ka zagaye ta da biro, ka ba Heaika ya kawo mini. A watan Afrilu za mu kora garke bakin teku, kuma ni gaba zan bi. Ina bukatar mutum a baya.

Inna tana gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni ce matarka,
Risten