Tun da Fanna ta Koma Abuja

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

An yi ruwa mai ƙarfi da hantsi, duk unguwarmu Bulumkutu, nan Maiduguri, ta ɗauki ƙamshin ƙasa. Ban san lokacin da na ɗauki waya na tura saƙon murya a zaurenmu na mu uku ba, ni da Fanna da Amarachi. Tun ajin farko na sakandare muke tare, benci ɗaya, kwanon abinci ɗaya. Yanzu su biyun suna aiki a Abuja, ni ina nan ina koyar da 'yan aji huɗu.

Na ce, "Fanna, ka tuna ranar da ruwa ya kama mu a hanyar Hausari?"

Sai la'asar ta amsa. Ba ta ce komai a kan ruwan ba. Wai, "Ammatullahi, har yau kina ce wa mace ka? Don Allah ki gyara Hausarki." Amarachi ta manna hoton dariya.

Ni ma na manna. Me zan yi?

Amma ai da wannan Hausar muka girma. Da ita ta yi min kuka ranar da babanta ya rasu.

Laraba, 18 ga Yuni

Na yi saƙon murya sau uku ina gogewa. Daga ƙarshe na rubuta kawai.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na je Hausari gaida Ya Falmata, mahaifiyar Fanna, kamar kowace Juma'a. Na same ta gindin darbejiya tana tsince shinkafa. Ta sa aka kawo min burabusko da miyar kuka, ta zauna tana kallona har na cinye.

Ta ce Fanna na kira, amma a tsaye take magana. Na ce aiki ne ya yi mata yawa. Ta ce, "Da Kanuri nake tambayarta, da Hausa take amsa min. Ko akwai mai sauraronta ne a can?"

Ɗakin Fanna na nan yadda yake. Ban shiga ba.

Talata, 8 ga Yuli

An turo mana sabuwar malama daga Konduga, Aisha Humaira. Doguwa, ba ta da yawan magana. Ta zo da ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta bi kowa a ofis tana miƙawa da hannu biyu. Da ta fita na ce, "Ƙauye ya shigo gari." Aka yi dariya sosai. Na ji daɗi da aka yi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Fanna za ta yi aure! Sunansa Mahfuz, a wurin aiki suka haɗu. Na yi ta tsalle ni kaɗai a tsakar gida har Yaya ta leƙo.

Sai sauran bayanin ya biyo. A Abuja za a yi komai, ƙarshen Agusta. Wai dangin ango ba za su iya zuwa Maiduguri ba, kuma “ina ma wurin taron da zai ɗauke su?” Ta turo hoton leshin anko. A ƙasa ta ƙara: “Ban da laffaya don Allah, kar a mai da min biki taron unguwa.”

Muna 'yan shekara sha biyar ta ce ranar aurenta ni zan naɗa mata laffaya da hannuna. Wataƙila ta manta. Mutum yana mantawa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Amarachi ta kira, ni kaɗai. Na yi niyyar in yi shiru, amma sai na zazzage mata komai.

Ta saurara, sannan ta ce akwai abin da ban sani ba. Farkon zuwan Fanna ta samu ɗaki, an gama magana, mai gidan ya tambaye ta 'yar ina ce. Tana cewa Borno ya tashi tsaye, ya ce an riga an kama ɗakin. A ofis kuma akwai wanda kullum in ta ajiye jaka sai ya ja kujerarsa baya, a yi dariya. Tun daga nan ta daina faɗa.

“Ni kaina,” in ji Amarachi, “'yan garinmu a nan cewa suke Igbo ɗina na warin Hausa. A Maiduguri aka haife ni, shagon babana yana kasuwa shekara talatin. To 'yar ina ce ni, Ammatu?”

Na ce to me ya sa kuke yi min dariya?

Can ta ce, “Ke ce kaɗai ba za ki kore mu ba.”

Ban san ko wannan amsa ce ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Tela ya gama anko. Ya matse ni a kafaɗa.

Talata, 2 ga Satumba

Mun dawo jiya, ni da Ya Falmata. Tun fitowar rana muke mota, ƙafafunta duk sun kumbura.

Biki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fanna kamar ba ita ba. Ta kama hannuna ta kai ni wurin ƙannen ango, ta ce, “Ƙawata ce daga gida.” Ɗaya ta ce, “Ina ne gida?” Fanna ta yi murmushi ta juya gaida wasu. Ni ma, abin kunya, ban faɗa ba. Ina tsoron kar in ce mata ka.

Ya Falmata dai da laffayarta ta zo, ba wanda ya isa. Aka zaunar da ita can gefe kusa da ƙofa.

Abin da nake so in rubuta kar in manta shi ne wannan. Bayan azahar Fanna ta shiga canza kaya, na bi ta in taya ta. Mu biyu kawai. Ina ɗaure mata ɗankwali sai ta kama mayafina ta kai hanci. Turaren wutan Yaya ne, ya kama kayan tun daga gida. Ta kifa kanta a kafaɗata. Da Kanuri ta yi magana, a hankali, irin ta da. Ta tambaye ni ko mai ƙosan bakin layinsu na nan. Ko an sare darbejiyar gidansu. Ko ruwan ambaliyar bara ya bar alama a bangon ɗakinta. Na ce ya bari, daidai gwiwa. Ta ce, “Na gaji, Ammatu.”

Aka turo ƙofa, mai kwalliya ce. Fanna ta ɗago, ta share ido, ta koma Turanci.

Bai fi minti biyar ba. Saboda shi na yi tafiyar kwana biyu, kuma da za a ce in sake, zan sake.

Laraba, 17 ga Satumba

An koma makaranta. Lokacin tara na sami Aisha Humaira ita kaɗai a aji tana cin abincinta. Ashe tun watan Yuli a nan take ci.

Na ce na zo neman afuwa kan abin da na faɗa ranar da ta zo. Ta ce, “Na ji ai, Malama. Tagar a buɗe take.” Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai matsa min a benci.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ya Falmata ta tambaye ni ko mun yi waya da Fanna. Na ce e. Allah Ya yafe min.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Jiya na bi Aisha Humaira Konduga, ana cirar gyaɗa a gonarsu. Mahaifiyarta ta riƙe hannuna ta yi ta wushe, wushe, sannun Kanuri, kamar ta shekara tana jirana. Na ce zan taya su aiki, na ja tushe ɗaya na faɗi zaune. Matan suka yi ta dariya, wai 'yar birni. Na yi dariya har hawaye. Ban tuna yadda nake magana ba duk yinin.

Yau da safe akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye rabin takardun gwajin 'yan ajina. Na ɗauki waya in ba da labari, sai da na tura na lura Aisha Humaira na tura wa.

A nan ne na ga kiran Fanna, guda biyu, tun ranar Alhamis. Ban gani ba sai yau. Da can ko wanka nake da wayar nake shiga.

Ba wani abu ba ne, hidima ce ta yi yawa. Zan kira ta.

Bari in fara gama wanki.